Kana Son Ƙaramar Bindiga Don Kare Kai a Abuja? Bi Waɗannan Matakan Kafin Ka Kashe Ko Kwabo

Tun bayan sace-sacen mutanen da aka yi a yankin Bwari cikin watan Janairun 2024, tambaya ɗaya ake ta aiko mini daga Kubwa da Dutse Alhaji da Kuje da Lugbe: wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa mutum ya soke a ƙugu, ya saki riga a kai, ba wanda ya sani? Wasu har da suna suke zuwa, Glock 43 ko SIG P365, domin sun ga Ba'amurke a YouTube yana juya ta a tafin hannu yana yabon rashin nauyinta. Tsoron da ya haifi tambayar gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma wanda ya fara da zaɓen bindiga ya fara daga ƙarshe, kuma a ƙasar nan kuskuren jeri kaɗai yana iya kai magidanci gidan yarin Kuje. Ga yadda abin yake bi da bi.

1. Fara da sanin ajin bindigar

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi aji uku, kowane aji da mai ba da izininsa.

Aji na farko shi ne na haramtattun bindigogi. Nan aka zuba igwa da roka da gurneti da mashinga da bindigogin soja irin su AK-47. A cikin wannan jerin dai, ba a wani wuri dabam ba, aka rubuta fistol da libarba kowace iri. Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, kuma ganin damarsa ne. Ba DPO ba, ba Kwamishinan 'Yan Sanda ba, ba gwamna ba, ba Ministan Abuja ba. Wato ƙaramar bindigar da ake tambaya a kanta, a idon doka, ɗaki ɗaya take kwana da mashinga. Dalilin ma a fili yake: abin da ya sa kake son ta, wato sauƙin ɓoyewa, shi ne ya sa hukuma ta fi jin tsoronta.

Aji na biyu su ne waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke iya ba da lasisinsu: bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, doguwar bindigar harbin dawa wadda ba ta soja ba, da bindigar iska. Aji na uku kuwa na ɗure ne, irin su harba-ka-ruga ta maharba, kuma al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda.

A nan ne mutane da yawa suke ruftawa. Akwai doguwar bindigar nan da ake ja baya a tura gaba ta ɗora harsashi da kanta, wadda ake gani a hannun 'yan banga da masu gadin wasu unguwanni. Ganin ta ko'ina ya sa ake zaton halattacciya ce. Amma dokar ta cire duk bindigar farauta mai sarrafa kanta, ko mai wata na'urar sake ɗora harsashi, daga aji na biyu. Abin da kuma bai shiga aji na biyu ko na uku ba, kai tsaye na farko yake faɗawa. Lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin ƙwace haramtattun makamai a farkon 2018, irin wannan bindiga tana cikin waɗanda aka lissafa.

Gargaɗi: mallakar bindigar aji na farko ba lasisi, ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙanƙanta. Ta aji na biyu ba lasisi tana iya kai shekara 5. Ba sai ka harba ba, ba sai ka nuna wa kowa ba. A same ta a aljihun motarka ko ƙarƙashin katifa ya isa. Fistol ƙirar maƙera ma fistol ce. Harsashi kuma shi ma yana buƙatar izini, ko da babu bindigar.

Masu bidiyon Amurka ba ƙarya suke yi ba, dokarsu ce dabam. Tsarin mulkinsu ya ba su 'yancin riƙe makami, har Kotun Ƙolinsu ta tabbatar a 2022 cewa 'yancin ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga waje. Namu tsarin mulkin bai ba kowa wannan ba. Sannan ko a can, masu koyar da harbi suna faɗa cewa ƙaramar fistol ta fi kowace wuyar sarrafawa: rashin nauyinta yana sa ta yi tsalle a hannu, mariƙinta gajere ne, saitinta ba tsawo. Wanda bai ƙona ɗaruruwan harsasai yana koyo ba, cikin firgici da duhu, ba lallai ya sami ƙofar gareji ba balle mutum mai motsi.

2. Tambayi ko ƙofar a buɗe take

Ko aji na biyun ma ba kullum ake bayarwa ba. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce an dakatar da ba da sabon lasisi, saboda makamai sun yi yawa a hannun jama'a. Kafin nan ma an ga misali a Zamfara: a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, har ta yi alƙawarin raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19. Ba a ɗau lokaci ba Kwamishinan 'Yan Sandan jihar ya fito ya ce takunkumin ba da lasisi yana nan daram. Idan maganar gwamna ba ta buɗe ƙofar ba, ta wani “yaron oga” ba za ta buɗe ba.

Saboda haka ka rubuta wasiƙa gajeriya zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sandan Abuja, ka kai hedkwatar rundunar da ke Garki da kanka, ka tambaya ko ana karɓar sababbin buƙatu. Ka tafi da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa ka dawo da shi gida.

Gargaɗi: duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce zai “fito maka da takarda” cikin mako biyu, ka ba shi hanya. Lasisin jabu ya fi rashin lasisi muni, domin ranar da aka bincika, laifi biyu za a karanta maka. Mai sayarwa a WhatsApp ko Facebook kuma ɗayan uku ne: ɗan damfara, ko tarko, ko mai neman rabuwa da bindigar da aka riga aka yi ɓarna da ita.

3. Auna kanka, sannan ka auna gidanka

Doka ta hana a ba mutum lasisi idan bai kai shekara 17 ba, ko yana da taɓin hankali, ko ganinsa ba shi da kyau, ko mashayi ne marar kamun kai, ko kuma kotu ta same shi da laifin tashin hankali ko barazana cikin shekara 5 da suka wuce. Ko ka tsallake duk waɗannan, lasisi ba haƙƙinka ba ne. Hukuma tana iya hanawa ba tare da ta faɗi dalili ba.

Wannan na takarda ke nan. Akwai kuma tambayoyin da fom ba ya yi, kuma a ganina sun fi nauyi. Yaya kake idan wani ya goge maka mota a cunkoson Nyanya? Akwai saurayi a gidan da ya fara shaye-shaye? Akwai wanda baƙin ciki ya yi wa yawa har ya taɓa cewa ya gaji da duniya? Kai da uwargida kuna yin faɗan da maƙwabta ke shigowa rabo? Idan amsar ko ɗaya daga ciki ta sa ka yi shiru, tsaya a wannan mataki. Ɓarawo wata rana zai zo, wataƙila ma ba zai zo ba, amma bindigar kullum tana cikin gidan tare da waɗannan mutane.

Kuma a yi shawara da matar gida tun yanzu. Ita ce ke yini da yara da makullan ɗakuna.

4. Haɗa takardu, ka biya ta hanyar da ke da rasit

Idan an ce ana karɓa, ka tanadi wasiƙar neman lasisi mai bayyana ko kai wane ne, sana'arka, adireshinka da dalilinka. Ka haɗa da hotunan fasfo, shaidar zama ɗan ƙasa, takardar likita daga asibitin gwamnati kan lafiyar ƙwaƙwalwa da ta ido, takardar 'yan sanda ta rashin tarihin laifi, da mutanen kirki da za su tsaya maka. Buƙatar tana bi ta hannun Kwamishina ne ta haura zuwa babbar hedkwata, Louis Edet House. A yi tsammanin za a zo unguwa a tambayi halinka, a kuma duba inda za ka ajiye ta.

Wajen rubuta dalili, kada ka ƙirƙiri gona ko farautar da ba ka yi. 'Yan sanda sun sha nanata cewa lasisin bindiga mai baki ɗaya da mai baki biyu tun asali don farauta ake ba da shi. Faɗi gaskiyarka, su yanke hukunci. Ƙarya a fom dalili ce ta soke lasisin daga baya.

Batun kuɗi kuwa, kada ka lissafa kuɗin lasisi kaɗai, shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Akwai na gwajin asibiti, akwai farashin bindigar wanda ke bin dala tun da shigo da ita ake yi, akwai akwatin ƙarfe na ajiya, harsashi, man gogewa, sabuntawa, da ɗan abin da za ka ba lauya ya duba maka takardu. Duk kuɗin hukuma asusun gwamnati ake biya a ba ka rasit. Kuɗin da aka ce ka miƙa a hannu ba na lasisi ba ne.

Gargaɗi mafi girma a nan: lasisi kafin bindiga. Ba a saye a ajiye “kafin takarda ta fito”. Dillali mai rajista ma doka ta hana shi miƙa maka sai ka nuna izini.

Idan an hana ka, kana iya ɗaukaka ƙara a rubuce zuwa ga Shugaban Ƙasa, kuma abin da ya yanke shi ne ƙarshe. Kafin nan, kuɗin da ka ware kada ya zauna. Ƙofar ƙarfe mai sakata ta ciki, fitilar sola a bayan gida, kare, da haɗa kai da maƙwabta a biya 'yan sintirin da caji ofis ya san da su, duk suna aiki tun kafin ɓarawo ya hau katanga. Lambar kiran gaggawa ta 112 da ta DPO su zauna a wayar kowa a gidan. Kamfanonin gadi masu zaman kansu ma, a sani, dokar 1986 da ta kafa tsarinsu ba ta yarda su riƙe bindiga ba.

5. Zaɓi daga cikin abin da aka halatta

Yanzu ne maganar zaɓe ta zo, kuma zaɓin bai da faɗi: mai baki ɗaya ko mai baki biyu, irin waɗanda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi da hannu. Mai baki ɗaya ta fi araha da sauƙin kulawa, amma rashin nauyinta yana sa ta doki kafaɗa sosai. Mai baki biyu ta fi nauyi da tsada, tana ba ka harbi biyu kafin ka sake ɗurawa. Kyawun su duka biyun shi ne da ka karya ta, idonka zai gaya maka ko akwai harsashi ko babu.

A wurin dillali ka nemi ganin rajistarsa. Ka duba lambar da aka buga a jikin bindigar, ka tabbata ita ce a rasit, ita ce kuma za ta hau lasisinka, harafi da harafi. Ka karya ta ka leƙa cikin bututun ta wajen haske, kada a ga tsatsa mai rami ko kumburi. Ka rufe ka girgiza, kada mahaɗin ya yi sako-sako. Ka ɗora gindinta a kafaɗa ka ga ko yatsanka yana kai wa kunama ba tare da ka miƙe wuya ba.

Harsashi ma a kula. Mafi yawan waɗannan bindigogi masu lamba 12 ne, kuma an rubuta lambar da tsawon harsashin a jikin bututu, milimita 70 ko 76. Kada a sa mai 76 a bindigar 70. Kada kuma harsashi mai lamba 20 ya kusanci jakarka: yana zurmawa cikin bututun mai 12 ya maƙale ba a gani, a ɗora wani a bayansa, bututu ya fashe a fuskar mai harbi.

Gargaɗi: wasu da suka ga doguwa ba ta ɓoyuwa sai su kai wa maƙeri ya datse bakin. Dokar ta hana rage bututun irin wannan bindiga ƙasa da inci 20, ta kuma hana riƙe wadda aka rage. Lasisinka ba zai cece ka ba. Gyara ma ba na kowane mai walda ba ne, sai inda hukuma ta amince.

6. Wurin ajiya

Akwatin ƙarfe mai makulli, a ɗaure shi da bango ko daɓe, a ɗakin da baƙi ba sa shiga. Bindiga babu harsashi a ciki, harsashi a wani wurin dabam shi ma a kulle. Makulli a jikinka. Saman wadrob ba ajiya ba ne, yaron da ya iya ɗauko alewar da aka ɓoye zai iya ɗauko wannan.

Da damina a riƙa fito da ita ana gogewa da ɗan mai saboda laima. Sannan a kama baki. Direba da mai gadi da abokan majalisa ba su da buƙatar sani, don gidan da aka san akwai bindiga a ciki, ita kanta tana jawo masu zuwa nema.

7. Koyi riƙo kafin ka koyi harbi

Ƙa'idoji huɗu ne, kuma ba a yi musu rangwame. Ɗauki kowace bindiga a kan cewa akwai harsashi a ciki, ko yanzu ka duba. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba, ko da wasa. Yatsa ba ya taɓa kunama sai lokacin harbi. Ka san abin da kake nufi, ka kuma san abin da ke bayansa.

Ta huɗun ita ce ake mantawa a gidajenmu na haya da ke manne da juna. Ƙofar katako da taga da silin ba sa tare komai. Motsin da ka ji a tsakar gida da ƙarfe biyun dare zai iya zama ɗanka ne da ya dawo a makare ya haura katanga don kada a yi masa faɗa. Fitila da murya su riga kunama.

Ka nemi 'yan sandan da suka ba ka lasisi su nuna maka inda aka yarda a yi gwaji da wanda zai koya maka. Ba a gwaji a bayan unguwa ko gindin dutse, kuma ba a harbi sama ranar ɗaurin aure. Abin da ya hau sai ya sauko a kan wani.

8. Fita da ita

Lasisin aji na biyu bai mai da kai jami'in tsaro ba. Ba na yawo da ita kasuwar Wuse ba ne, ko masallaci, ko taron siyasa. Idan tafiya ta kama, a cire harsashi, a sa ta cikin jakarta a but, lasisi na asali yana aljihunka. A shingen bincike na hanyar Kaduna ko ta Keffi, hannuwanka a kan sitiyari, ka faɗa da bakinka tun kafin a buɗe but: “Ranka ya daɗe, akwai bindiga mai lasisi a baya, ga takardar.” Kada ka kai hannu gare ta don ka nuna. Kuma ba a ba da aronta, ko ga ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya, domin sunanka kaɗai ke kan lasisin.

9. San inda kare kai ya tsaya

Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai ko dukiya. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Abuja ta yi bayaninsa daga sashe na 59 zuwa 67, kuma iyakokin sun fi yadda ake zato ƙunci. Ba ka da ikon yin ɓarna fiye da abin da kariyar ke buƙata. Ba ka da wannan haƙƙi idan akwai sararin neman hukuma. Kisa kuma ba ya halatta sai a hali mai tsanani, kamar inda akwai tsoron mutuwa ko mummunan rauni, ko fyaɗe, ko sace mutum, ko fashi, ko fasa gida da dare.

A aikace, abin da alƙali zai tambaya shi ne: a daidai lokacin da ka harba, haɗarin yana nan ko ya wuce? Ɓarawon da ya juya baya yana gudu da janareta, haɗarinsa ga ranka ya wuce. Wanda ya faɗi ƙasa ya saki makami, haka nan.

Shari'ar Sunday Jackson, manomin nan na Adamawa, ta isa darasi, ko da yake wuƙa ce ba bindiga ba. Ya ce an far masa a gona an sassare shi, ya ƙwace wuƙar ya soki maharin ya mutu. Kotu ta ce daga lokacin da ya ƙwace makamin yana da damar gudu, aka yanke masa hukuncin kisa, kuma a watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da rinjayen alƙalai. Mutane da yawa, har da lauyoyi, sun ga hukuncin ya yi tsauri, ni ma ina cikinsu, kuma daga baya gwamnan jihar ya yi masa afuwa. Amma ya riga ya shafe sama da shekara 10 a tsare.

Idan ƙaddara ta sa ka harba, ka kira 'yan sanda da kanka, ka nemi a kai wanda ya ji rauni asibiti, ka cire harsashi ka ajiye bindigar a fili kafin su iso. Kada ka gyara wurin, kada ka matsar da komai. Ka kira lauya kafin ka sa hannu a kan kowane jawabi, doka ta ba ka wannan dama.

10. Sabuntawa, ɓata da gado

Lasisi yana da wa'adi. Duba ranar ƙarewarsa, ka fara neman sabuntawa tun da sauran lokaci, ka adana tsofaffin rasit duka. Wanda ya ƙare bai sabunta ba, matsayinsa ya koma na marar lasisi. Idan an soke ko an ƙi sabuntawa, ma'ajiyar makamai ta hukuma ake kai bindigar a karɓi takardar shaida.

Idan an sace ta ko ta ɓata ko ta lalace, kwana 14 doka ta ba ka daga ranar da ka sani ka sanar da hukumar da ta ba ka lasisi. Kada ka jira su cika, ka je ranar.

Na gado shi ne ya fi kama bayin Allah da ba su san hawa ba. Mahaifi ya rasu ya bar mai baki biyu a bayan ƙofa, 'ya'ya suka bar ta a matsayin abin tunawa. Lasisin mamaci ba ya shiga rabon gado. Kwana 14 bayan rasuwa magada ke da su, wato tun kafin a yi sadakar arba'in wa'adin ya wuce. A cikin kwanakin nan babban ɗa ko wasiyyi ya je caji ofis da lasisin marigayin da takardar shaidar rasuwa, ya sanar tukuna kafin ya ɗauko bindigar, a ba shi rana ko a haɗa shi da jami'in da zai raka ta. Magajin da ke son riƙe ta sai ya nemi nasa lasisin tun daga mataki na 2, bindigar kuma tana ma'ajiyar hukuma har amsa ta fito.